Naƙasassu da dokar intanet: garin neman gira

A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutanen Ingila cikin gidajensu, wani yaro ɗan shekara 8 mai suna Zach, wanda ke fama da farfaɗiya da shanyewar gaɓoɓi, ya ɗaura niyyar zagaya farfajiyar gidansu sau 130 da ƙafafunsa, ba tare da abin dogarawa ba, domin ya tara wa ƙungiyar masu farfaɗiya ta ƙasar gudummawa. Labarin ya fita a Twitter, jama'a suka yaba. Sai ga wasu marasa imani, waɗanda suka ɓoye sunayensu, sun shiga aika ɗaruruwan hotuna masu walƙiya zuwa shafin ƙungiyar da na mabiyanta, da nufin duk mai farfaɗiyar da ya buɗe wayarsa ciwon ya kayar da shi. Da aka waiwayi kundin dokokin ƙasar, aka tarar babu ayar da ta ambaci wannan aika-aika ƙarara.

Mai karatu na iya mamakin yadda hoto zai kayar da mutum. Cikin masu farfaɗiya akwai kashi 3 zuwa 5 bisa 100 waɗanda haske mai ƙyaftawa da sauri ke tayar wa ciwo. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Sauran duniya kuwa ta sani ne ran 16 ga Disambar 1997, da aka kwashi mutum 685, galibinsu yara, zuwa asibiti a Japan bayan sun kalli wani shirin Pokémon a telebijin. Wancan kuskure ne. Na Disambar 2016 da gangan aka yi shi: wani ya aika wa Kurt Eichenwald, ɗan jaridar Amurka da ya daɗe da bayyana farfaɗiyarsa a fili, irin wannan hoto ta Twitter, har da rubutun cewa ya cancanci ciwon ya tashi, ciwon kuwa ya tashi. Irin wannan hoto jifa ne, illa iyaka hannun da ya yi jifan yana iya kasancewa a wata nahiya.

Sai da yaron da mahaifiyarsa da ƙungiyar suka shekara uku suna kai da komowa tsakanin ƴan majalisa da ministoci kafin a saurare su. Ran 26 ga Oktobar 2023 aka sa hannu kan babbar dokar kare masu amfani da intanet ta Birtaniya, kuma aya ta 183 a cikinta, wadda kowa ke kira dokar Zach, ta fara aiki ran 31 ga Janairun 2024. Duk wanda ya aika ko ya nuna wa mai farfaɗiya hoto mai walƙiya da nufin cutar da shi, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Wannan aya ta cancanci yabo, kuma dalilin yabon a fili yake. Ta faɗi aikin da ta haramta, ta faɗi niyyar da dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar, ta bar hukunci a hannun alƙali. Babu ɗan jaridar da zai kwana da fargabarta, babu ɗan adawar da za a iya kamawa da ita. Waɗanda abin ya shafa su suka nema, da bakinsu, suka kuma tsaya a kanta har aka rubuta.

To amma aya guda ce cikin ayoyi sama da 200. Sauran dokar ta ɗora wa kamfanonin sada zumunta nauyin tantance haɗarin da ke shafukansu, ta kuma ba hukumar Ofcom ikon cin tarar da ta kai fam miliyan 18, wato sama da miliyar 13 na kuɗin sefa, ko kashi 10 bisa 100 na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Da sunan masu rauni aka sayar wa jama'a wannan doka, yara da naƙasassu a sahun gaba. Saboda haka halal ne a tambaya: me naƙasassun Ingila suka roƙa, me kuma aka ba su?

Abin da suka roƙa a rubuce yake. A 2017 Katie Price, sananniya a telebijin ɗin ƙasar, ta shigar da takardar koke gaban majalisa saboda cin mutuncin da ake yi wa ɗanta naƙasasshe a intanet, mutum sama da 220,000 suka sa hannu. Kwamitin koke-koke na majalisar ya zauna da naƙasassu a garuruwa dabam-dabam, ya fitar da rahotonsa a Janairun 2019. Shaidun sun ce ana zaginsu, ana sace hotunansu ana mai da su abin dariya, ana kiransu maƙaryata masu cin kuɗin gwamnati. Sun kuma ce, kuma wannan ya fi ciwo, in sun kai ƙara shawarar da ake ba su ita ce su bar intanet su huta. Ga wanda ke fita kasuwa da masallaci da wurin aiki kowace rana, wannan shawara ba ta da nauyi. Ga wanda ya shekara bai sauko daga bene ba saboda babu hanyar da kekensa zai bi, an ce masa ya rufe tagar ɗakinsa guda ɗaya tak. Kwamitin ya yanke cewa dokokin da ke akwai ba su biya buƙata ba. A lokacin, tunzura jama'a kan wani saboda launin fatarsa ko addininsa laifi ne mai suna a Ingila, tunzura su kan naƙasasshe kuwa ba shi da aya, kuma dokar 2023 ba ta cike wannan giɓi ba.

Abin da aka ba su ya bi doguwar hanya. Daftarin farko ya so ya tilasta wa manyan kamfanoni su magance abin da doka ba ta haramta ba amma yake cutarwa. Masu kare ƴancin faɗin albarkacin baki suka ce a'a, kuma suna da gaskiya, domin babu mai iya shata iyakar irin wannan jimla. A Nuwambar 2022 gwamnati ta cire sashen game da manya, ta maye gurbinsa da wani alkawari: za a ba kowane baligi maɓallin da zai danna ya tace zagin da ya shafi naƙasa ko launin fata ko addini, kada ya gani. Wato mai zagi na nan yana zagi, jama'a na karantawa, wanda ake zagi ne kaɗai aka ba izinin rufe ido. Ko wannan ɗan guntun alkawari ma, har shekarar 2025 ta ƙare bai fara aiki ba, domin Ofcom ba ta fitar da jerin kamfanonin da zai hau kansu ba.

Tarihi ya riga ya nuna abin da kamfani ke yi in aka ce ya kare mutum ba tare da an tambayi mutumin ba. A Disambar 2019 jaridar Netzpolitik ta Jamus ta bankaɗo umarnin da TikTok ya ba ma'aikatansa masu tace bidiyo: in sun ga wanda kamanninsa ke nuna naƙasa, ko tabo a fuska, ko alamar raunin ƙwaƙwalwa, su sa masa shaida domin a taƙaita yaɗuwar bidiyonsa, kada ya wuce ƙasarsa, wani lokaci ma kada ya shiga babban shafin da kowa ke kallo. Hujjar kamfanin ita ce yana gudun a tsokane su. Daga baya ya amsa cewa hanyar ba daidai ba ce, ya ce ya bar ta. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san gidan da ake shigar da yaro gurgu ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo, a ce don kada a yi masa dariya. Kunyar masu gida ake karewa, yaron kuwa a ɗaki ya wuni. Dokar da ke barazanar tara mai nauyi tana tura kamfani ga wannan hanya ko da ba ta nufa ba, saboda share abu ya fi arha bisa ga ɗaukar ma'aikacin da zai zauna ya bambance mai neman taimako da mai neman fitina.

Ran 25 ga Yulin 2025 sashen kare yara ya fara aiki. Duk shafin da ke ɗauke da batsa, ko abin da ke ƙarfafa kashe kai, ko cutar da jiki, ko ƙin cin abinci, dole ya tabbatar da shekarun mai shiga ko ya kawar da abin daga idon yara. Babu uban kirki da zai ƙi manufar. Hanyoyin tabbatarwar su ne abin dubawa: mutum ya ɗauki hoton fuskarsa na'ura ta ƙiyasta shekarunsa, ko ya nuna fasfo ko lasisin tuƙi, ko katin banki. Makaho zai daidaita fuskarsa cikin da'irar da ba ya gani? Wanda hannunsa ke karkarwa zai riƙe waya tsaye har na'ura ta gamsu? Wanda wuta ta ƙone wa fuska, ko wada ɗan shekara 40, me na'urar da ta koyi aikinta daga fuskokin wasu za ta ce game da shi? Lasisin tuƙi kuwa, mai farfaɗiyar da ciwonsa ke tashi doka ce ma ta hana shi tuƙi. Cikin kwanaki kaɗan kamfanin Proton ya sanar cewa masu rajistar manhajarsa ta ɓoye ƙasar da mutum yake sun ƙaru da kashi 1,400 bisa 100 a Birtaniya, mutum sama da 500,000 kuma suka sa hannu kan koken a soke dokar. Ɗan shekara 15 mai wayo ya tsallake katangar kafin la'asar. Wanda aka bari a bakin ƙofa shi ne baligin da ba ya iya bin matakan sai da taimakon wani, alhali abin da yake son karantawa, game da jikinsa ko damuwar da ke cin ransa, ba abin da zai so ƙanensa ya karanta masa ba ne.

Akwai kuma rigimar da dokar ba ta taɓa ba, kuma da wuya wata doka ta iya taɓawa: wane ne naƙasasshen gaske? Tun da aka sauya tsarin tallafin naƙasassu a 2013, jaridun Ingila masu son abin kunya suka mai da wannan tambaya abincin yau da kullum. A 2025, lokacin da gwamnatin Keir Starmer ta nemi rage kusan fam miliyar 5 daga kuɗin tallafi, aka taso wa masu koya wa ƴan'uwansu yadda ake cika takardun neman tallafi a TikTok da YouTube, aka ce su ke koya wa lafiyayyu ƙarya. Alƙaluman ma'aikatar da ke biyan kuɗin da kanta sun nuna zamba a wannan tallafi ba ta kai kashi 1 bisa 100 ba. Ƴan majalisar jam'iyya mai mulki sama da 120 suka yi tawaye, gwamnati ta janye babban sashen shirin a farkon Yuli. Zargin dai bai janye ba. Matar da ke amfani da keke saboda ba ta iya doguwar tafiya, in aka ɗauki hotonta ta miƙe tsaye a kanti, kafin dare ta zama ɓarauniya a idon dubbai. Har a tsakanin naƙasassun kansu gardamar ta shiga: mai takardar likita yana zargin wanda ya gano ciwonsa da kansa, shi kuwa yana amsa cewa ya shekara biyu a layin asibiti bai ga likitan ba, wanda naƙasarsa ke bayyane yana ganin wanda tasa ke ɓoye ya zo cin rabonsa. Masu ƙaryar ciwo don tara kuɗi suna nan, ba a musu, kuma dokar zamba ta ishe su. Amma ranar da aka ce kamfani ko hukuma ta raba wannan gardama, ranar za a fara tambayar kowa takardar asibiti kafin ya buɗe baki.

Me ya haɗa Nijar da wannan? Kalma guda ta haɗa su, kalmar mutunci. Nijar ta yi tata dokar intanet tun kafin wannan doka ta Ingila: doka mai lamba 2019-33 ta ran 3 ga Yulin 2019, wadda aya ta 31 a cikinta ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. Jimla mai daɗin ji. Wanda ya karanta ta zai zaci an rubuta ta ne domin matar da farfaɗiya ta kayar a kasuwa, samari suka kewaye ta da wayoyi maimakon su tallafe mata kai, ko domin mai taɓin hankalin da ake bi ana ɗauka ana dariya, ko zabiyar da aka mai da hotonta abin barkwanci. Sunayen da duniya ta ji dai na wasu ne. A Maris 2020 aka kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda saboda ya rubuta cewa ana zargin an samu mai korona a wani asibitin Yamai. A Yunin wannan shekara aka kai Samira Sabou kaso kan ƙarar ɓata suna da ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya shigar. A Janairun 2022 aka yanke mata hukuncin jeka-ka-gyara-halinka ita da Moussa Aksar, saboda sun sake buga rahoton wata cibiyar bincike kan fataucin ƙwaya. A 2022 gwamnatin Mohamed Bazoum ta cire ɗauri daga laifin zagi da ɓata suna. Ran 7 ga Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya maido da shi, shekara 1 zuwa 3, ya kuma ɗaga hukuncin aya ta 31 zuwa shekara 2 zuwa 5. Masu farin kaya da masu kaki duk sun riƙe wannan sanda, kowanne ya ji daɗin nauyinta a hannunsa.

Bambancin aya ta 183 ta Ingila da aya ta 31 ta Nijar shi ne bambancin allura da taɓarya. Ta farko ba ta da amfani ga mai mulki, domin abu guda take yi. Ta biyu kuwa duk abin da mai gabatar da ƙara ya ga dama shi ne dagula zaman lafiya.

Ga naƙasasshen Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, wayar salula ta yi abin da gwamnatoci suka yi shekaru suna alkawari. Makahon da bai samu shiga makarantar makafi ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp ba tare da ɗan jagora ba. Kurma yana kiran ɗan'uwansa ta bidiyo su yi magana da hannu daga gari zuwa gari. Gurguwa mai ɗinki ko mai ƙuli-ƙuli tana tallata kayanta daga tsakar gida. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 bisa 100 na ƴan ƙasa na da naƙasa, kuma kowa ya san gidajen da ba sa faɗa wa mai ƙidaya gaskiya. Da aka katse intanet ɗin salula kusan kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021, mai ƙafa ya taka ya je inda zai je. A farkon 2025 kuma ministan sadarwa na lokacin ya bayyana niyyar wajabta neman izini ga rukunonin WhatsApp da Facebook masu mutum 50 zuwa sama. Ko a Ingila, inda kusan kowa ya yi karatu, da wa'adin cika takardun tantance haɗari ya zo a Maris 2025, wasu ƙananan dandali da ƴan sa-kai ke gudanarwa sun gwammace su rufe da su ɗauki kasadar tara. Ina ga rukunin iyayen yara kurame a Tasawa, wanda shugabansa tela ne? Wa zai cika masa takarda, wa zai kai ta Yamai, da wane kuɗi?

Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Wannan ba sabon darasi ba ne a ƙasar Hausa, inda tun kafin zuwan Nasara makafi ke da sarkinsu, guragu da kutare ke da nasu, kuma fada ba ta yanke abin da ya shafe su sai ta kira shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a Yunin 2008, shekara guda kafin Birtaniya, ta mai da wannan al'ada wajibi: aya ta 4 ta ce a shawarci ƙungiyoyinsu a duk dokar da ta shafe su, aya ta 9 ta ambaci intanet da sunanta, aya ta 21 ta ba su ƴancin faɗi da na neman labari. Takardu ba su yi wa Nijar ƙaranci ba. Tun ran 2 ga Maris 1993 doka ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 bisa 100 na guraben aiki a duk ma'aikatar da ke da mutum 20 zuwa sama, aka kuma ƙara wata dokar a Disambar 2019. Mai son sanin inda aka kwana, ya leƙa ma'aikatar da ta fi kusa da shi ya ƙirga, in ya iya hawa matakalar.

Abubuwa biyu ne ba sa buƙatar ko dala daga baitulmali. Duk wani sabon daftari kan shafukan sada zumunta, a aika shi ga Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar da ƙungiyoyin makafi da na kurame kafin ya isa taron ministoci, a rubutun makafi da murya da maganar hannu, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a kuma buga amsarsu kowa ya gani. Ma'aikatar shari'a kuma tana da rajistar kotuna. Ta fitar da adadin shari'o'in da aka yi ƙarƙashin aya ta 29 da ta 30 da ta 31 daga Yulin 2019 zuwa yau, ta nuna nawa ne cikinsu mai ƙara minista ne ko babban jami'i ko hukuma, nawa ne kuma mai ƙara makaho ne, ko gurgu, ko mai farfaɗiya.